Shekara uku ina jiran takardar dindindin

Gwaggo, na yi makarantar koyon aikin lafiya, kuma shekara uku ke nan ina aikin wucin gadi a wani ƙaramin asibitin gwamnati. Ni ke awon masu ciki, ni ke kwana da mai naƙuda, amma alawus ɗin ko kuɗin mashin bai isa ba, wani watan ma shiru. Yanzu wani ya ce in kawo naira 300,000 ya samo mini takardar dindindin. Maigidana ya ce in ajiye aikin, Innata ta ce in sayar da awakina in biya. Na rasa inda zan sa kaina.

Ɗiyarki daga Ƙauran Namoda

Ɗiyata, sannu da ɗawainiya. Allah kaɗai zai biya ki daren da kika raba kan matan mutane.

Amma kada ki taɓa awakin nan. Ko guda.

In mutumin ya cinye kuɗin, gun wa za ki kai kuka, alhali cin hanci kika bayar? In ma takardar ta fito, ranar tantance ma'aikata ake gane ta jabu, a kore ki da kunya, ba aiki ba awaki. Ki lallashi Inna, tausayinki ne ya rufe mata ido. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Yanzu bari in ja miki kunne. Shekara uku, ke da iliminki, ina fata dai kina da ko falle ɗaya da ke nuna ranar da kika fara? Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Ki sami shugaban asibitin cikin ladabi, ki roƙi wasiƙa mai sa hannu da hatimi. Ki ɗauki hoton jadawalin aiki duk wata. Ranar da jiha ta buɗe ɗaukar ma'aikata, takardun nan su za su yi miki magana.

Maigidanki kuwa ba baƙin ciki yake miki ba. Yana ganin kin dawo da asuba ido jajur, kuɗin mashin kuma daga aljihunsa. Ki zauna da shi bayan ya ci ya ƙoshi, ku yanke wa'adi, a rage kwanan dare. Kada ki bar aikin cikin fushi, hannunki zai yi sanyi.

Ku kuma 'ya'yana na Shinkafi da Zurmi, wa a cikinmu bai ga irin wannan ba? An fara shirin N-Power a 2016, naira 30,000 a wata. Wasu suka ci bashi, wasu har da ƙarin aure, sai ga shi a 2020 an sallami rukunin farko. Aikin nan na mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma ma wata uku kacal ya yi, a kan naira 20,000 a wata. Haka aikin rigakafin shan inna, haka na zaɓe. Ku karɓa, da babu gara ba daɗi, kuma ana koyon aiki, ana sanin mutane. Sai dai ku tambayi ranar ƙarewa tun ranar farawa, kuma kada ku saki sana'arku.

Masu iko, ku ji tsoron Allah. Yaran nan suna bin hanyoyin da ku ba ku bi sai da rakiyar sojoji. Ku biya su haƙƙinsu kan lokaci.

Ɗiyata, ki sake rubuto mini in kin karɓo wasiƙar.