Idan jinjirin ciki yana da ciwon zuciya

Ƴar'uwa, kin je awon ciki. An yi miki hoton ciki, wanda ake kira eko. Lokotoro ya daɗe yana kallon na'ura, sannan ya ce: zuciyar jinjirin tana da matsala. Gabanki ya faɗi. To, ki zauna mu yi magana. Kai ma maigida, matso kusa, zancen ya shafe ka.

Zuciyar mutum tana da ɗaki 4, biyu a dama, biyu a hagu. Na dama suna tura jini zuwa huhu don ya ɗauko iska. Na hagu suna tura jinin da ya sha iska zuwa duk jiki. Tsakaninsu akwai bango. Wannan gini yana ƙarewa tun cikin wata 2 na farko, lokacin da wata macen ba ta ma san tana da ciki ba. Wani lokaci sai a samu rami a bangon, ko wata hanyar jini ta ƙuntace. Cikin jarirai 100 da ake haihuwa, kusan 1 yana zuwa da irin wannan.

Kada ki zargi kanki. Ba daka ba ce ta jawo shi, ba ɗaukar tulu ba, ba kuma bakin kishiya ba. Ciwon sukari ga uwa yana iya kawo shi. Haka ma giya, da wasu magunguna, da rubela, wani ciwo mai kama da ƙyanda. Amma sau da yawa likitoci ba su gano wani dalili ko kaɗan.

Ciwon iri-iri ne. Ƙaramin rami yakan toshe da kansa, yaro ya girma ya yi noma kamar kowa. Wani sai da magani. Wani kuma sai an yi masa aiki. Saboda haka ki tambayi lokotoro: wane iri ne? Ki sa ya rubuta miki sunan ciwon cikin karnenki na awo.

Ga abin da ya fi muhimmanci. Cikin ciki, jinjiri ba ya numfashi da huhunsa. Uwa ce take ba shi iska ta mabiyiya da cibiya. Yana kuma da wata ƴar hanyar jini da take kauce wa huhu. Shi ya sa jinjiri mai ciwon zuciya yakan yi motsi lafiya lau a ciki, har ki ce lokotoro ya yi kuskure. Amma da an yanke cibiya, sai zuciya da huhu su ɗauki aikin su kaɗai. Ita kuwa ƴar hanyar nan tana rufewa cikin kwanakin farko. Ga wasu jarirai, da ita suke rayuwa. Wahalar takan fito ke nan tun kafin ranar suna.

To kin ga, wurin haihuwa shi ne babbar magana. Mun saba mace ta tafi goyon ciki gidan iyayenta. Al'ada ce mai kyau, amma wannan karo a sake shawara. Idan ƙauyen yana nesa da babbar likita, gara inna ta zo wurin ɗiyarta. A haihu inda akwai lokotoron yara da iskar oksijan. A Maraɗi, da Damagaram, da Tawa akwai cibiyar lafiyar uwa da yaro. A Yamai akwai matanite Isaka Gazobi. Ku matso gari tun cikin wata na 9 bai yi nisa ba, musamman da damina, lokacin da gulbi yakan yanke hanya. Maigida, ka tanadi kuɗin mota da masauki tun yanzu. Kuma kada a tsorata: yawancin matan nan suna haihuwa da kansu, ba sai an yi musu aiki ba.

Bayan haihuwa, ki sa ido. Ki buɗe bakin jinjiri da hasken rana, ki dubi harshe da dasashi. Idan sun yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, ku tafi likita nan take, ko da tsakar dare ne. Haka idan yana numfashi da sauri, ko yana zufa wajen shan nono, ko ya kama nono ya saki don gajiya. Irin wannan yaro, a ba shi nono kaɗan-kaɗan, sau da yawa. A yi masa allurar rigakafi duka, a riƙa auna nauyinsa. Wanzami kuwa ya yi aski kawai. Kada a cire beli, kada a yi tsaga, don zubar jini da ƙwayoyin cuta suna da haɗari ƙwarai gare shi.

Idan sai an yi aikin zuciya fa? Abu ne mai tsada, kuma ba ko'ina ake yin sa ba. Amma ana yi. An buɗe cibiyar aikin zuciyar yara a Dakar a 2017, wata kuma a Bamako a 2018. Akwai kuma ƙungiyoyin agaji da suke kai yara Faransa a yi musu aiki su dawo. Lokotoron zuciya ne yake haɗa takardun. Don haka ki adana karne, da hoton eko, da duk takardar da aka ba ki cikin leda guda, inda ruwa da gara ba su kai.