Yadda Fasaha Ta Taimaki Haben Girma Ta Zama Lauya

A 2013 Haben Girma ta zama makauniya kuma kurma ta farko da ta kammala karatun lauya a Jami'ar Harvard ta Amurka.

Gwagwarmayarta a kwalejin Lewis & Clark daga ɗakin cin abinci ta faro. A takarda kawai ake rubuta jerin abincin kowace rana, don haka ba ta sanin abin da aka dafa. Ta nemi a riƙa turo mata ta imel, domin na'urarta tana mayar da rubutu zuwa Braille, wato ɗigo-ɗigon da makafi ke karantawa da yatsa. Da aka yi ta sakaci, sai ta tunatar da su dokar kare haƙƙin nakasassu ta 1990, aka gyara.

Wajen hira kuwa, takan miƙa wa mutum kibod mara waya, yana bugawa tana karantawa a na'urar. Haka ta zanta da Shugaba Obama a 2015. Da ta fara aiki, tana cikin lauyoyin da suka kai ƙarar Scribd saboda makafi ba sa iya amfani da manhajarsa.

Wayarka ma tana karanto rubutu da murya: TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone. Shiga Settings, sai Accessibility. Amma ka sani, idan ka kunna, sai ka taɓa abu sau biyu kafin ya buɗe.

Idan za ka ɗora hoto, rubuta bayaninsa. Idan kana haɗa manhaja, sa wa kowane maɓalli suna, domin da sunan ne makaho zai san aikinsa.