Darasi Ga Masu Bindigar Farauta: Duban Bututu Kafin Ɗura Albarushi

'Yan'uwa manoma na Wagini da ƙauyukan Batsari da Safana, yawancin bindigogin da mafarauta suka gada a gefen dajin Rugu adaka ce, wato harba-ka-ruga, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Idan irin wannan bindiga ta fashe, hannun hagu da idon mai ita takan ci, kuma manomin da ya rasa yatsu ya rasa fartanya. Sau da yawa laifin yana cikin bututu, ko ga harsashin da bai dace da shi ba.

Bari mu ɗauki misali daga Amurka. Ƙaramar bindigar Colt ta 1860 tana da tulu mai juyawa da ramuka 6, kowane rami da nasa albarushi da ƙwallon dalma. Ƙwallon yakan fi bakin ramin faɗi kaɗan, kamar kaurin takarda ɗaya ko biyu. In an danna shi, sai bakin ramin ya aske wani siririn zobe na dalma. Zoben ya fito cikakke, to, ƙwallo ya toshe rami sosai. In ya fito guntu, akwai kafa, wuta tana iya bi ta tayar da ramin da ke kusa. Suna kuma auna ramin da bututun, gama in ramin ya fi bututun ƙunci, ƙwallo zai wuce sako-sako, ya kauce wa abin da aka nufa.

Tamu adaka ba ta da tulu, amma ka'idar ɗaya ce. Dalma tana da laushi, tana bin bututu. Ƙusa da guntun rodi da ƙwallon boris ba sa lanƙwasa; in suka cije a hanya, bututun ne zai buɗe. Harsashi ya kamata ya sauka da turin hannu, a hankali, har ya zauna a kan albarushi. Wanda sai an buga shi da dutse ya yi girma. Kuma kada a bar fili tsakaninsa da albarushi, nan ne bututu yakan kumbura.

Kafin kome, a tabbata babu ɗuri a ciki. Ka sa sandar ɗuri cikin bindigar lokacin da ka san babu kome, ka yi tsaga a jikin sandar daidai bakin bututu. Duk ranar da tsagar ta tsaya sama, akwai abu a ciki: ko tsohon ɗuri, ko gidan zanzaro, gama zanzaro yana son bututun da aka jingine a ɗaki duk damina. Kada ka leƙa da ido, kada ka hura da baki.

Sa'an nan ka naɗa tsumma a sandar yadda zai matse, ka tura shi sannu. Inda ya yi tauri, tsatsa ce. Inda ya sake farat ɗaya, sa'an nan ya sake kamawa, bututu ya kumbura a wurin, ko da ido bai gani ba. Wannan bindiga ta gama aikinta, kuma a ganina walda ba ta gyara ta. Haka wadda aka ƙera da famfon ruwa, gama yana da ɗinki a tsawonsa, ba a yi shi don ɗaukar wuta ba.

Garin da ke cikin harsashin kanti ba albarushi ba ne, ƙarfinsa ya wuce abin da adaka za ta ɗauka. Kada a zuba shi ko kaɗan. Dokar bindigogi da ta fara aiki a 1959 ta haɗa har da masu ɗuri ta baki, sai a nemi bayanin lasin wurin 'yan sanda.

Tokar albarushi tana jan laima. Bayan harbi a wanke bututu da ruwan zafi a ranar, a busar, a shafa mai kaɗan, a rataye inda yara ba su kai.