Amsoshin Tambayoyinku: Wufa ta danne muryar mawaƙi

Tambaya: Ina da amfilifaya da lasifika biyu a falo, sai na ƙaro wufa. Tun da na haɗa ta sai gurnani, silin yana karkarwa, muryar Mamman Shata ta dusashe. Ko ta lalace ne? Daga mai karatu a Karewa, Jimeta.

Amsa: Da wuya a ce ta lalace. Na fi zargin saiti da wurin da ka ajiye ta.

Kunnen mutum yana jin amo daga kimanin Hz 20 zuwa 20,000. Ƙananan lasifikun falo sukan gaza a wajen 60 zuwa 80, abin da ya yi ƙasa da haka shi ne rabon wufa, ba ta da wani aiki bayan wannan. Duba bayanta, akwai abin murɗawa mai lambobi, galibi daga 40 zuwa 150 ko 200, an rubuta masa Crossover ko LPF. Shi ne iyaka. Mutane da yawa sukan murɗe shi har ƙarshe don su ji kuɗinsu ya fito, alhali muryar namiji tana farawa ne daga wajen 85. Ka ga ke nan wufarka tana taya Shata waƙa, da murya mai kauri kuma. Mayar da shi 80. Idan lasifikunka manya ne, sauka zuwa 60 ko 50.

Sai ɗakin kansa, wanda ya fi komai ba da wahala. Gidajenmu na Jimeta da Yola bulo ne da siminti, ƙasa tayil, bango ba ya shan amo, mayar da shi yake yi. Falo mai tsawon mita 4 yana kumbura amon da ke wajen Hz 43, shi ya sa za ka ji gurnani a jikin bango, ka zo tsakiya ka ji wayam. Ajiye wufa a kusurwa yana ƙara wannan. Dabarar masu harkar sauti ita ce ka ɗora wufar a kujerar da kake zama, ka kunna waƙa, ka bi gefen bango da rarrafe (yara za su yi dariya, ƙyale su). Inda ka ji bugun ganga ya fito tsaf babu gurnani, nan ne mazauninta. Kada ka gwada da tsofaffin waƙoƙin da aka kwafo daga kaset, amonsu bai cika zurfi ba. Sa na zamani irin na Ali Jita ko Hamisu Breaker.

Akwai kuma maɓalli a bayan wufar mai 0 da 180. Zauna a kujerarka, wani ya riƙa sauya maka, ka bar shi inda amon ya fi cika.

Ƙarar wufar kuwa, rage ta gaba ɗaya, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Da zarar kunnenka ya gane inda take zaune, ta yi yawa, koma baya kaɗan. Falo ba filin biki ba ne.

Karkarwar silin sai kafinta ya ƙara masa ƙusa. Kuma a zafin Maris da Afrilu, lokacin da Yola ke haura digiri 40, bar tazara tsakanin bayan wufar da bango don ƙarfen bayanta ya sha iska, ka kuma jona ta a sitabilaiza.