Amsoshin Tambayoyinku: Yaya likita ke sanin bai taɓa laka ba?

Tambaya: Maigidana ya faɗi da babur tsakanin Maradun da Talata Mafara, ƙashin bayansa ya tsage. An tura mu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, an ce sai an yi masa aiki. Mutane na ta tsorata ni wai da zarar an taɓa laka ƙafafu sun tafi ke nan. To, mutumin da aka sa barci, ta yaya likita zai san ya taɓa jijiya?
Wata baiwar Allah daga Bakura.

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Tsoronki ba na banza ba ne, don laka ita ce hanyar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi.

A da, tsakiyar aiki ake rage maganin barci, a ce wa majiyyaci ya motsa yatsun ƙafa. Likitan Faransa Stagnara da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan dabara a 1973, kuma har yau wasu na amfani da ita.

Yanzu akwai na'ura. Bayan majiyyaci ya yi barci, sai a soka masa ƙananan allurai a fatar kai, hannu da ƙafa. A aika ɗan lantarki daga idon sawu, a ga ko ya iso kai. Sannan a aika daga kai, a ga ko tsokar ƙafa ta amsa. Amsar tana fitowa a allon kwamfuta kamar zanen tuddai. In tudun ya ragu da rabi, mai lura da na'urar zai ce a dakata. Likita ya sassauta ƙusar da ya ɗaura a ƙashin bayan, ko a ɗaga hawan jini, domin wani lokaci ƙarancin jini ne ke raunana saƙon. Har abu mai taushi ake sa wa majiyyacin a baki kada lantarkin ya sa ya ciji harshe.

Sai dai a gaya miki gaskiya: na'urar gargaɗi take yi, ba ta gyara lakar da haɗarin ya riga ya lalata. Kuma ba kowane ɗakin tiyata ke da ita ba.

Don haka ki tambayi likitansa kai tsaye, ba kunya, yadda za su lura da jijiyoyin. Kafin nan, don Allah kada kowa ya kai shi wurin mai ɗori a ja masa baya.