Hasken Leza da Cutar Jan Fuska

A cikin cututtukan fata akwai wata da likitoci ke kira rosasiya, watau cutar jan fuska. Ta fi kama mutanen da suka wuce shekara 30, musamman farar fata na arewacin Turai, irin mutanen Ingila da Ailan. Alamarta ita ce kumatu da hanci da goshi da haɓa su yi ja, su riƙa zafi, ƙananan jijiyoyin jini su fito fili kamar zare, wani lokaci har da ƙuraje. Ta fi yawa ga mata, amma ta fi tsanani ga maza, don su ne hancinsu kan yi kauri ya kumbura. Zafin rana, da barkono, da shayi mai zafi, da giya, da ɓacin rai duk suna tayar da ita. Ba a ɗaukarta daga jikin wani.

Likita yakan ba da man shafawa ko ƙwayoyi, su kwantar da ƙurajen. Amma jijiyoyin da suka riga suka buɗe ba sa jin wannan magani. A nan ne aikin leza ya shigo.

To, mene ne leza? Haske ne mai launi ɗaya tak, wanda aka tattara shi wuri guda har ya yi ƙarfi. Wani masani Ba'amurke, Theodore Maiman, shi ya fara haɗa na'urarsa a Kalifoniya cikin 1960. Ba a daɗe ba wani likitan fata, Leon Goldman, ya soma gwada shi a kan fata a birnin Cincinnati. Amma lezan farko ƙuna yake yi ba zaɓe, ya bar tabo. Sai a 1983 likitoci biyu na Jami'ar Harvard, Rox Anderson da John Parrish, suka bayyana dabarar da ake bi har yau.

Dabarar kuwa kowane ɗalibi zai gane ta. Mun san baƙar riga ta fi farar riga ɗaukar zafin rana, domin kowane launi da irin hasken da yake sha. Jan sinadarin da ke cikin jini yana shan haske rawaya da kore. Saboda haka sai a harba haske rawaya mai tsawon zango nanomita 595, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Jinin ya sha hasken ya yi zafi, jijiyar ta toshe, sa'an nan jiki ya share ta sannu a hankali, alhali fatar da ke kewaye ba ta ƙone ba. Akan maimaita aikin sau da dama, a bar makonni a tsakani. Shi kuwa hancin da ya yi kauri, da wani leza mai ƙarfi ake fere shi, har ya koma kusa da siffarsa ta da.

Sai dai Bahaushe ya ce kowane allazi da nasa amanu. Lokacin aikin mutum yakan ji kamar ana tsunkulinsa da roba. Bayan an gama fuska takan ƙara ja ta kumbura na 'yan kwanaki. Wani lokaci jini yakan kwanta a ƙarƙashin fata, wurin ya yi shuɗi-shuɗi kamar an doke shi, ya ɗauki mako ɗaya ko biyu kafin ya washe. Idan hasken ya yi yawa sai fata ta yi bororo, ta yi ɓawo, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa, har a bar mutum da tabo, ko da yake wannan ba kasafai yake faruwa ba a hannun gwani. Haka kuma dole likita da majiyyaci su rufe ido da tabarau na musamman, domin wannan haske yana iya lalata gani. Bugu da ƙari, leza ba ya tumɓuke cutar daga tushe. Jijiyoyin da aka toshe sun tafi, amma sababbi suna iya fitowa, a sake biyan kuɗi masu yawa.

Mu baƙar fata muna da namu abin lura. Na farko, cutar tana kama mu, sai dai jan ba ya fitowa sosai, don haka akan ɗauke ta kamar ƙurajen balaga. Na biyu, sinadarin da ya ba fatarmu launinta shi ma yana shan hasken leza. Ke nan fatarmu ta fi saurin ƙonewa, wurin ya yi baƙi ƙirin ko ya yi fari kamar tabon wuta, ya daɗe bai koma daidai ba. Shi ya sa likitoci suka fi zaɓar mana leza mai tsawon zango nanomita 1064, wanda yake ratsa saman fata ya shiga ciki, kuma sukan fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri.

Na uku, ina jan hankalin 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu game da man bilicin. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda idan aka daɗe ana shafa shi a fuska yakan sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su feso, kamar dai masu rosasiya. Mutum ya sayi cuta da kuɗinsa, sa'an nan ya koma neman kuɗin magani.

Don haka duk wanda ya ga fuskarsa tana zafi ko ƙuraje sun ƙi ci sun ƙi cinyewa, ya tafi wurin likitan fata. Kada ya miƙa fuskarsa ga wanda ya sayi na'ura kawai ba tare da ilmin aikin ba, kada garin gyaran gira a rasa ido. Wanda aka yi wa aikin kuma ya guji rana, ya bi umarnin likita. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.