DARASI DAGA YUMƁUN ƘASAR SULEJA: KADA A RAINA BAIWAR DA KE GIDA

Jama'a, duk wanda ya juya takardar kuɗi ta naira 20 zai ga hoton wata mace tana ginin tukunya. Sunanta Ladi Kwali. Ba ta yi makarantar boko ba, ba ta kuma gaji sarauta ko dukiya ba. Abin da ya kai ta wannan matsayi shi ne sana'ar da mata ke yi a ƙauyukan Gbagyi tun kaka da kakanni, wadda mutane da yawa ba su ɗauke ta bakin kome ba. An shirya wannan darasi ne domin mutanen Garam da sauran garuruwan da ke kewayen Suleja a Jihar Neja, da ma 'yan ƙasa baki ɗaya, su duba abin da Allah Ya ajiye musu a ƙofar gida.

Yadda Abin Ya Faro

An haifi Ladi a ƙauyen Kwali wajen shekara ta 1925. Tun tana yarinya ta koyi ginin randuna da tuluna da tukwanen girki irin na gargajiya, wato a murza yumɓu a riƙa ɗora shi da hannu har tukunya ta tashi, sa'an nan a gasa ta da itace da ciyawa a fili. Takan ƙawata aikinta da zanen kada da ƙadangare da kunama da kifi da tsuntsaye.

A wancan zamani garin Suleja shi ake kira Abuja. Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya ga kyan tukwanen Ladi, ya tara waɗansu a fadarsa. A nan ne wani Bature magini, Michael Cardew, wanda gwamnati ta ɗauka domin kyautata sana'ar tukwane, ya fara ganinsu. Cardew ya kafa makarantar koyon ginin tukwane a garin a farkon shekarun 1950, Ladi kuwa ta shiga cikinta a 1954, ita ce mace ta farko da aka ɗauka.

A makarantar ta koyi aiki da na'urar juya yumɓu, da shafa wa tukunya maganin ƙyalli, da gashi a tanderu mai tsananin zafi, wanda ke sa tukunya ta yi ƙarfi ta daɗe. Amma ba ta yar da siffofi da zanen da ta taso da su ba. An nuna aikinta a Landan tun a 1958, ta kuma je Amurka a 1972 tana nuna yadda ake gini. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, Gwamnatin Tarayya kuma ta ba ta lambobin yabo a 1980 da 1981. Ta rasu a Minna a 1984.

Abin Da Za Mu Koya

Na farko, baiwa ba ta amfani sai an gyara ta da aiki. Kafin kowa ya san Ladi, ta shafe shekaru tana gini, har hannunta ya faɗa. Da tukwanenta na sakaci ne, da Sarki bai ajiye su ba.

Na biyu, baiwa tana bukatar mai ido. Mutane nawa suka sha ruwa a randar Ladi ba su ga kome ba sai randa? Hakkin iyaye ne da malamai da masu unguwa su lura da yaron da hannunsa ke da fasaha, ko a saƙa, ko a ƙira, ko a ɗinki, ko a gyaran injuna, su ƙarfafa masa gwiwa maimakon su ce wasa yake yi.

Na uku, sabon ilimi ƙari ne a kan na gida. Wanda ya iya sana'ar gado, idan ya ƙara da karatu da lissafi da sanin kasuwa, ya fi wanda ya watsar da ita ya tafi birni neman aikin ofis da babu tabbacin samunsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Dama A Ƙofar Gida

Tun da aka tsai da shawarar gina sabon babban birnin Tarayya a 1976, aka ba shi sunan Abuja, tsohon garin kuma ya koma Suleja, jama'a ta yi ta ƙaruwa a wannan yanki. Kowane baƙo yana bukatar abinci da muhalli da kayan gida. Wannan kasuwa ce ta zo har gida ga manomin doya da dawa, da mai kiwon kaji, da kafinta, da maginiyar tukwane. Gaskiya ne kayan roba da na ƙarfe sun rage cinikin tulu da randa, amma tukunyar shuka furanni da ta ado suna da masu saye a birni. Idan tsofaffin magina suka ƙare ba su koya wa kowa ba, to, an yi asarar ilimin da kuɗi ba za su iya dawo da shi ba.

Saboda haka ana kira ga masu sana'a su haɗa kai su kafa ƙungiyoyin gama kai, su riƙa rubuta abin da suka kashe da abin da suka samu, su kuma ɗauki yara su koya musu. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Tambayoyi Domin Nazari

1. Wace rawa Sarki Sulaimanu Barau ya taka a rayuwar Ladi Kwali?
2. Me ta koya a makarantar Abuja, me kuma ta riƙe na gida?
3. Waɗanne sana'o'i ne ke neman ɓacewa a garinku, wane ne kuma ya rage da ya iya su?